Jitar da Ban Iya Saitawa Ba

Jiya ina gyaran ɗaki na taras da jitata bayan buhun gero, tsirkiyoyinta sun saki. Sai na tuna Baba, tsohon malamin makaranta, Kirista, da ya zauna nan Rabah har ya rasu bara.

Shi a coci ya koyi kiɗa, da takarda mai layuka da ɗige-ɗige. Wata guda ina zuwa koyon jita zaurensa mai warin kananzir, bai bar ni na kaɗa waƙa ko ɗaya ba. Kullum shina murɗa tsirkiya, shina cewa, "Saurara tukuna, ɗana."

Na gaji. Wani direba ya gwada mini inda ake aza yatsu, cikin mako na iya waƙa uku masu ƙara irin na Turawa. Na koma na kaɗa gaban baƙinsa, na ce, "Baba, mi takardar ga tat tsinana maka?"

Ya karɓi jitar, ya murɗa tsirkiya biyu, ya miƙo mini. Ashe duk a karkace nake kaɗawa. Kunya ta hana ni komawa, ko da ya kwanta ciwo ban je gaishe shi ba.

Jiya na yi ta murɗawa, ban san inda daidai yake ba. Allah Ya sa ya yafe mini kafin ya tafi.