Tsinken Ashanar Mai Tsatsa

Daga Allah muke, kuma komai daren daɗewa gare Shi za mu koma. Ranar Litinin, tara ga watan nan, tsakanin azahar da la'asar, aka kashe aminina mai gyaran agogo, wanda unguwa duka ta sani da Mai Tsatsa. Na ce aka kashe, ban ce ya rasu ba, kuma da gangan na faɗa. Ajali na Allah ne, babu mai ja da wannan. Amma hannuwan da suka ɗauki ƙarfe da bulo na mutane ne, mutanen da muke gaisawa da su kowace safiya, wasunsu ma da agogon da ya gyara ɗaure a hannunsu suka doke shi.

Mutumina, ka san ni ba marubuci ba ne, fentin mota na iya. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, an kashe ka kuma ba a ƙyale ka ba. An bar maiɗakinka da 'yan biyunka da wani suna da aka liƙa maka, wai kai ɗan leƙen asirin 'yan ta'adda ne. Na yi alkawarin sai na kankare sunan nan ko da da farcena ne.

Ni na raɗa maka Mai Tsatsa, kuma ban yi nadama ba. Wane irin mutum ne zai shigo garejin abokinsa da gwangwani da cokali, ya tsuguna gindin matacciyar mota yana kankaro tsatsa yana tarawa? Ni na ƙare rayuwata ina cire tsatsa, ina toshe lotsawa, ina mai da tsohuwar mota amarya. Kai kuwa sai ka yi odar kwali daga nesa, cike da 'yan gutsattsarin roba, wasu ba su kai ƙwayar shinkafa ba. Ka tsinke su da reza, ka goge, ka ɗauka da hantsakinka na agogo, ka manna da gam, har tankar yaƙi ta tashi tsaf da sarƙarta da igwarta, duk ba ta wuce tafin hannu ba. Ka yi mata fentin da ni kaina nake kishi. Sa'annan, lokacin da mai hankali zai ce alhamdu lillahi ya ajiye, lokacin kai kake fara ɓarna.

Ka ɗora allura a kan kyandir ta yi ja, ka huda mata gefe, wai harsashi ne. Ka kwaɓa ƙasa da gam ka cusa a sarƙar. Ka shafa launin tsatsa, ka yayyafa ruwa, ka barbaɗa gishiri, ka fesa koren fenti a kai, in ya bushe ka kankare gishirin da tsohon buroshin haƙori, sai ga fenti ya ɓaɓɓare kamar ya shekara goma a rana. Uwar 'yan biyu ta sha kawo mini ƙararka. "Yaya, don Allah ka yi wa abokinka magana. Gishirin miyata ya ƙare a kan tankoki, jiya kuma kwallina na nema na rasa, ashe wai hayaƙin salansa yake yi da shi." Tana faɗa tana dariya, kai kuma kana bayanta kana yi mini alama da ido in rufa maka asiri.

Sau ɗaya tak na tambaye ka da gaske, me ya sa ba ka taɓa barin ko ɗaya da sheƙinta ba. Ka cire gilashin nan na ido ɗaya da kake duba cikin agogo da shi, ka daɗe kana murza shi a riga. Sai ka tuna mini da yayanka, direban motar sulke, wanda aka kawo a rufaffen akwati muna samari, aka hana mahaifiyarku buɗewa. Ka ce, "Tanka mai sheƙi ƙarya take yi wa mutane. Ni so nake wanda ya kalli tawa ya tuna akwai ɗan wani a ciki." Daga ranar ban sake yi maka ba'a da zuciya ɗaya ba, ko da yake bakina bai daina ba.

Kana da wata ƙa'ida da ba ka taɓa karyawa ba. Duk hoton da za ka ɗauka na aikinka, sai ka ajiye tsinken ashana a gefe, don mai kallo ya gane girman abin. Ka ce haka masu wannan aiki suke yi, wani ya sa kwabo, wani ya sa yatsa, kai ashana ka zaɓa. Na ce maka ai ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Ka ce, "Ido a waya ba ya sanin komai, mutumina."

Alherinka ba ya lissafuwa, amma guda ɗaya zan faɗa don ya shiga cikin maganar nan. Mai facin taya da ke tsallaken shagonka yana da ƙane da ya shiga soja. Da za a tura shi fagen daga, ya kawo maka agogonsa da ya tsaya. Ka gyara, ka sa masa sabon maɗauri daga naka, ka ɗaura masa da hannunka, ka ce, "Ka dawo da shi da ƙafarka in canja maka batir." A gabana aka yi, mai faci na tsaye yana ta sa maka albarka.

A makon da abin ya faru, gari a tsorace yake. Labari ya zo cewa an yi wa ayarin sojoji kwanton ɓauna a wata hanya mai nisa, wayoyin waɗanda ke can ba sa shiga, har da ta ƙanen mai faci, iyaye mata ba sa barci. Kai kuma a daidai lokacin ka gama aikin da ka fi wata uku kana yi, motar sulke da ta ƙone a bakin hanya, tayoyin gaba sun narke, ƙofar baya a wangale, takalmi ƙafa ɗaya a ƙasa. Ka kawo ta bayan garejina da hantsi, ka ajiye a kan yashi, ka kwanta rub da ciki kamar ƙadangare kana ɗaukar hoto, ni ina tsaye ina ce maka ka tashi kafin a ce na kaɗe mutum. Da idona na ga ka soka tsinken ashanar a gefen dama. Ka tura hoton wa abokan aikinka na waya, da sunan shagonka a ƙasa, kamar yadda ka saba.

Wani la'ananne, har yau ba mu san ko wane ne ba, ya yanke gefen dama na hoton. Ashana ta tafi, sunan shago ya zauna. Ya haɗa da muryarsa yana cewa ga motar yaranmu da aka ƙone, kuma ku tambayi kanku yadda mai gyaran agogo ya isa wurin tun toka ba ta huce ba. Kafin azahar babu wayar da hoton bai shiga ba. An ce ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya. Wannan ta yi, ta bar marayu biyu.

Ina cikin feshi, injin na ruri, ban ji komai ba sai da uwar 'yan biyu ta faɗo garejin babu takalmi, tana nuna mini wajen shagonka. Na ruga. Tun daga kwanar layin na hango mutane sun cika titi, suna jifan ƙofar shagonka, gilashin kanta ya tarwatse, agogunan bango suna faɗowa. Da ka bi ta ƙofar baya da ka tsira. Amma kai mutum ne mai yarda cewa in aka nuna wa ɗan Adam gaskiya zai gani. Sai ka buɗe ƙofa ka fito da motar nan a tafin hannuwanka biyu, ka ɗaga ta sama, kana cewa, "Jama'a, ga ta nan! Roba ce! Don Allah ku duba!"

Babu wanda ya duba. Mai faci ne a gaba, idonsa jajur, yana kiran ƙanensa yana kuka, da ƙarfen cire taya a hannu. Na ji ƙarar saukarsa a kafaɗarka daga inda nake. Ka durƙusa, motar ta suɓuce ta faɗa kwata, kai kuma ka miƙa hannu wajenta, ba ka ma kare kanka ba. Wani ya sauke maka bulo a bayan kai. Daga nan suka rufe ka, ƙafa da sanda da duk abin da hannu ya samu, har wanda bai san me ake ciki ba ya kutsa ya sa nasa. Na shiga ina ihu cewa a garejina aka ɗauki hoton, wani ya ce ga ɗayan nan, aka karya mini hannu aka zubar mini da haƙora biyu. Ban ji zafinsu ba sai washegari. Suka kwaso tinar da kake tsinka fenti da ita suka watsa wa shagon, suka ƙyasta. Rundunar tankokinka ta shekara da shekaru ta narke a kan kantar shagon tana ɗiga, baƙin hayaƙin roba ya rufe layin. Jiniyar 'yan sanda ce ta watsa su, kowa ya tsere gidansa ya wanke hannu.

A bayan wata a-kori-kura da ban gama wa fenti ba muka ɗauke ka, kanka a cinyata, jininka na bin hannuna. Ido ɗaya ne kawai ke buɗuwa. Na sunkuya ina laƙƙana maka kalmar shahada, ka karɓa, alhamdu lillahi. Sai ka ce da wata murya ta mamaki, ba ta fushi ba, "Ba su ma duba ba." Ba mu kai asibiti ba.

Bayan kwana biyu ƙanen mai faci ya yi waya, lafiyarsa ƙalau. An kama mai faci da wasu. Ka zaci shi ke nan unguwa za ta ji kunya? Ina! Mutum ya fi son ya ce mamaci na da laifi da ya yarda hannunsa na da jini. Sai aka koma raɗa, wai ruwa ba ya tsami banza, wai me ya haɗa mai agogo da kayan yaƙi. Matan da suka sha cin abinci a ɗakin uwar 'yan biyu suka riƙa sauya hanya. 'Yan biyu suka dawo daga makaranta suna kuka, an matsar da kujeru daga kusa da su. Na tsamo motar daga kwata da hannun da ya rage mini, na wanke, na yi ta yawo da ita ina nuna wa mutane, suna kawar da kai suna cewa ai ni abokinka ne, dole in faɗi haka. Na ji kamar in cinna wa layin nan wuta tun daga farko har ƙarshe, Allah Ya gani.

Shekaranjiya da yamma wani ya yi sallama a bakin gareji. Na ɗaga kai na ga kaki, na ga agogon da maɗaurinka. Ƙanen mai faci ne, an ba shi hutu. Na tashi da nufin in kore shi, sai ya ce, "Baba, ba roƙo na zo ba. So nake in ga abin da aka kashe shi a kai." Na ɗauko na dangwara masa a hannu. Ya juya ta, ya leƙa ƙofar baya, ya taɓa ɗan takalmin nan da farce. Can ya ce, "Wallahi haka take ƙonewa. Fentin sama ya zama fari, na ƙasa ya yi baƙi. Na fito da abokaina daga irinta." Ya ɗago ya dube ni. "Mutumin nan ya san halin da muke ciki fiye da waɗanda suka kashe shi da sunanmu."

Na ba shi labarin ashanar da aka yanke a hoton, sai ya roƙe ni tsinken ashana, na ba shi. Ya ɗora shi a tafinsa kusa da motar, ya fita. Na bi bayansa. Bai bi ta lungu ba, tsakiyar layin ya bi, da kakinsa, a lokacin da kowa ke zaune a ƙofar gida. Duk inda ya ga mutane sai ya tsaya ya miƙa musu hannun har gaban hanci, ya ce, "Ku duba." Wannan karon sun duba, don babu mai iya kawar da kai. Wani dattijo ya sa yatsa ya taɓa, ya janye da sauri yana salati. Haka muka isa ƙofar gidanka da mutane a bayanmu. Ya cire hula, ya durƙusa a ƙasa gaban uwar 'yan biyu, ya kwance agogon ya ajiye, ya ce, "Inna, ya ce in dawo da shi da ƙafata. Ga shi na dawo." Ba ta ce ta yafe ba, kuma babu wanda ya isa ya ce mata ta faɗa. Amma jiya 'yan biyu sun tafi makaranta, sun dawo babu hawaye.

Ya Allah, ga bawanKa nan ya zo maKa da raunukan da ba shi ya jawo ba. Ka jiƙansa, Ka gafarta masa, Ka karɓe shi cikin waɗanda aka kashe bisa zalunci, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka sada shi da wansa da mahaifiyarsu a Aljanna. Wanda ya yanke hoton nan kuwa, mu ba mu san shi ba, Kai Ka san shi, mun bar shi da Kai. Ina miƙa ta'aziyyata ga uwar 'yan biyu, Allah Ya ba ki haƙurin da ya fi ƙarfin namu, Ya raya miki yaran nan, Ya sa su tashi da kai a ɗage. Haka ga 'yan'uwansa da abokan aikinsa na nesa da suka yi ta kira suna kuka.

Motar tana kan tebur a garejina, mutumina, igwarta ta karye kuma ban gyara ba. Na manne mata tsinken ashanar da gam ɗin da nake haɗa gilashin mota da shi, har ya ɓata maka fentin gefen dama. Na san da kana nan da ka yi mini faɗa. Ka yi haƙuri, wannan karon babu mai yanke ta.