Ranar da Hasiya Ta Kama Sunan Ɗan Farinta

Ni Lantana, fura nake damawa a Kwanar Dangora, Hasiya kuma nono take kawo mini daga rugarsu ta gefen dajin Falgore tun muna da haƙora. Ina ce mata 'yar Fillo, tana ce mini Kaɗo. A duk zamanmu ban taɓa jin ta kama sunan ɗan farinta ba. Mujitaba sunansa, amma a bakinta "wancan" ne. In ya zo wucewa da shanu sai ta kau da kai. Kunyar ɗan fari ke nan, ta Fulani kuwa ta fi ta kowa tsanani.

Shekarar da satar shanu ta yi ƙamari, Ɗanasabe, shugaban 'yan bangar yankin, ya yanke cewa kowane mai sanda ɓarawo ne. Da hantsi suka faɗa wa rugar. Suka cinna wa bukkoki wuta, suka tara maza a bakin rafi. Mujitaba ya ɗaga hannu yana rantsuwa. Ɗanasabe ya sare hannun da adda, sannan ya sare wuyan. Hasiya na cikin dawa a kwance, tana gani. Kafin la'asar an yi masa sutura, shi da sauran da aka kashe, yadda addini ya ce.

Bayan kaka sai ga fararen motoci, wai 'yan binciken wata ƙungiyar ƙasashen duniya ne. Ba zan ci haƙƙinsu ba, muddin motocin nan na gari ko akuya ba a yanka da zalunci ba. Ɗanasabe ya ɓoye bindigarsa, ya koma sahun gaba a masallaci.

Na raka Hasiya wurinsu. Shugabarsu wata doguwar mace ce, tafintanta kuma ɗan birni ne mai Hausar kanti.

Ya ce, "Mama, wanda aka kashe, mene ne sunansa?"

Hasiya ta sunkuyar da kai.

"Ɗanki ne?"

Ta ce, "Ɗan mutane ne."

Ya juya ya gaya wa matar cewa ba ɗanta ba ne, ba ta ma san sunansa ba.

Na ce, "Kai ɗan nan, uwarka a kwali ta samo ka? Ɗan farinta ne!"

Ya ce, "Iya, ke kina wurin?"

Ba na wurin. Sheda kuma sai daga bakin wanda ya gani, sauran waɗanda suka gani suna kabari ko sun tsere Bauchi. 'Yan binciken suka nemi a tone kabarin, dattawa suka ce sai dai a haɗa da su a binne.

A hanya na sauke mata kwandon masifa. "'Yar Fillo, kunyarki ta yi wa Ɗanasabe lauya kyauta."



Ran da za su tafi, motocin suka tsaya shan mai a Kwana, ranar kasuwa. Ɗanasabe na zaune a teburin mai shayi. Hasiya ta ajiye ƙwarya, ta tsaya a gaban motar farko, ta buɗe murya.

"Mujitaba! Sunansa Mujitaba! Ni na haife shi! Ga wanda ya yanka shi can yana shan shayi!"

Matan Fulanin da ke wurin suka rufe fuska. Doguwar matar ta fito, ta saurare ta har ƙarshe. Na ce to, a kama shi mana. Tafinta ya ce su ba su da ɗan sanda ko ɗaya, rahoto za su kai wa hukuma. Ka ji fa, duniya guda, amma ba ta da igiyar ɗaure mutum ɗaya.

Suka tafi. Da damina rediyo ya karanta rahoton, da sunan Mujitaba da na Ɗanasabe. Aka tuɓe shi daga banga, shi ke nan.

Hasiya kuwa bakin da ya buɗe ya ƙi rufuwa. Duk ranar kasuwa sai ta tsaya a gabansa ta ce, "Mujitaba na gaishe ka." Ran nan ya zaro adda ya kai mata sara a ka. Ta tare da hannu. Yatsu biyu suka faɗa cikin nonon, ya koma ja. Direbobi suka yi masa rubdugu har suka karya masa muƙamuƙi. 'Yan sanda, da yake sunansa ya riga ya shiga rediyo, ba su iya sakinsa ba.

Yana gidan yari yanzu, a kan yatsu biyu. Maganar Mujitaba, an ce ana nan ana dubawa.

Hasiya na kawo nono har yau, da hannun hagu take aunawa. Na ce mata tunda kunya ta riga ta tafi, ta riƙa kiran ɗan nata yadda kowa ke yi. Ta harare ni.

"Kaɗo, a gaban makashinsa na kira shi. Ke me kika kashe?"