Murfin Rijiyar Garka da Taɓaryar Inna

Shekarun baya, ina dawowa gida daga koyon sana'a a Tawa, na ɗauka babu wanda ya kai ni sanin ƙarfin abu a duk ƙasar Madawa. Shekara biyu na yi ina gyaran tankunan ruwa na fiba, irin waɗanda ake shimfiɗa saƙaƙƙen zaren gilashi a shafe shi da rezin, wani ruwa mai danƙo da ke daskarewa ya yi tauri. Na dawo ƙauyenmu kusa da Urno da bido biyu, wato jarka, na rezin da kai mai girman rumbu.

Matan garinmu suna da garkar albasa a fadama, da rijiya mai faɗin baki a tsakiya. Murfin katako gara ta cinye shi, na ƙarfe kuwa mata biyu ba sa iya ɗaga shi, don haka aka bar ta a buɗe. Wata rana tunkiyar kawuna ta faɗa, da kyar aka fiddo ta da rai. Shugabar matan, tsohuwar ƙawar mahaifiyata, ta ce yau tunkiya ce, gobe ba a san wa ba, ga mata na zuwa da goyo. Nan na buga ƙirji na ce su ba ni sati guda.

Dabarata ita ce in yi amfani da tabarmar kaba maimakon zaren gilashi, tunda ita muke da ita. Mahaifiyata masaƙiya ce, tun kafin a haife ni take saƙa dogayen layukan kaba tana ɗinke su su zama tabarma. Na karɓi uku, na jera su ɗaya kan ɗaya duk suna kallon wuri guda, na shafe da rezin, na danne da duwatsu. Kwana biyu abu ya fito sumul, yana sheƙi, mara nauyi.

Na aza shi kan turame biyu a tsakar gida, na ɗora buhun hatsi biyar. Ya ɗan lanƙwasa a tsakiya. Da na sauke sai ya miƙe ya koma yadda yake. Na juya ina jiran yabo.

Mahaifiyata tana bakin ɗaki tana tsagar kaba. Ta ce, "Buhu zamnawa yakai da hankali. Guga kuwa hwaɗowa yakai. Ka gwada wannan?"

Na ce, "Inna, wanga abu ba tabarma ba ne yanzu. Ilimi ne."

Ta tashi ta ɗauko taɓarya, ta ɗaga daidai ƙirjinta, ta sake ta a tsakiyar murfin. Ƙum! Na duƙa na duba. Babu tsaga, sai wani ɗan farin tabo kamar goro. Na yi dariya na ce, "Kin gani?"

Ita ma ta duƙa, ta riƙa ƙwanƙwasawa da bayan yatsa yadda take gwada tukunya a kasuwa. Gefe yana amsawa kau-kau. Da ta iso wajen tabon sai murya ta mutu, buf-buf, kamar ƙwaryar da ta fashe.

Ta ce, "Mai da buhunanka."

Na farko lafiya, na biyu lafiya. Ina aza na uku na ji ƙas-ƙas-ƙas kamar kara ya kama wuta, sannan murfin ya rabe biyu, miƙe sak bisa layin ɗinki, buhu ya faɗi tsakanin turame ya fashe. Kaji suka taso. Ni kuwa na tsaya da diflomata a cikin ɗaki da hatsi a ƙafafuna. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne washegari na yi niyyar kai shi bakin rijiya, mata su riƙa takawa.

Na sa zarto na yanka wurin tabon. A sama ɗan goro ne, amma a ciki tabarmin sun rabu da juna faɗin tafin hannu biyu, ta ƙasa kuma rezin ya tsattsage kamar busasshiyar laka. Kabar ma tana nan a bushe a tsakiyarta, rezin bai ratsa ba. Duk wannan an koya mini a kan zaren gilashi, har na rubuta a jarrabawa. Ban taɓa tunanin zai biyo ni gida ba.

Da la'asar na zauna gabanta na ce, "Inna, ki koya mini."

Ta miƙo mini guntun tabarma ta ce in ja ta bin tsawon kaba. Na ja, ta ƙi motsi. Ta ce in ja ta karkace. Sai ga idanun saƙar suna buɗewa, tabarma tana miƙewa kamar roba. Ta ce, "Kowace saƙa tana da inda take da ƙarfi da inda take da rauni. Kai ka tara raunin ukunsu wuri guda, ɗinki bisa ɗinki. Mi kake so shi yi?"

Kwana goma muka yi tare. Ta tsaga kaba siriri don rezin ya shige ta, ta saƙa kowace shimfiɗa falle ɗaya ba ɗinki, abin da ta ce tun tana budurwa rabonta da shi. Ni kuma na jera su huɗu, kowace tana gicciye da ta ƙarƙashinta. Murfi na biyu da muka yi ya ɗauki taɓarya amma gefensa ya buɗe. Ta naɗe bakin saƙar kamar bakin faifai, muka sake.

Na ukun muka kai garka ranar da mata suka taru. Shugabar ta ce, "Ɗan nan, mun ji labarin kaji." Aka kwashe da dariya. Na aza shi kan duwatsu a fili, ba kan rijiya ba. Mahaifiyata ta saki taɓarya sau uku, ta bi shi da yatsa tana saurare. Wuri ɗaya ne ya ɗan yi fari, muryar kuwa ba ta canja ba. Muka ɗora buhu shida, sannan kawuna, wanda ba ƙaramin mutum ba ne, ya hau ya yi tsalle. Murfin ya lanƙwasa ya dawo. Wata mata ta rangaɗa guɗa, ita da ƙanwarta suka ɗaga shi da hannu ɗaiɗai suka rufe rijiya.

Na gaya musu duk ranar da abu mai nauyi ya faɗa masa, ko ba su ga tsaga ba, su ƙwanƙwasa su ji. In murya ta mutu, kada kowa ya taka, a kira ni. Damina huɗu ya yi kafin su kira.

Yau fiba ce sana'ata, na kuma san abin da ya daure wa nauyi ba lallai ya daure wa bugu ba. Amma in na tuna lokacin nan, ba murfin nake alfahari da shi ba. Bayan shekara wasu mata suka taso tun daga Garhanga suna neman wanda ya yi shi. Na gyara riga na fito. Babbarsu ta gaishe ni da ladabi, ta leƙa bayana ta ce, "Tsohuwar muke nema." Na kauce na nuna musu ƙofar Inna, ni kuma na tafi ɗebo musu ruwa, bakina ya ƙi rufuwa don murna.