Turmi da Mijin 'Yarsa

Yayana gajere ne mai faɗi, wuyansa da kansa kaurinsu ɗaya. Tun yana saurayi unguwa ta sa masa Turmi, sunan ya bi shi har ya danne na yanka. Shi mai facin taya ne, ni tela. Shagona yana kallon rumfarsa, titi ne kawai a tsakaninmu, don haka sama da shekara talatin ina ganin shige da ficensa ta saman keken ɗinki.

Wani tsohon kafinta ne ya kawo ɗaga ƙarfe unguwarmu. Ya cika gwangwanayen fenti da siminti, ya soka musu bututun famfo, ya jera su a wani kango bayan gareji. Ya taɓa zuwa na biyu a gasar masu murɗaɗɗen jiki ta gari, har ya mutu yana cewa alƙalai coge suka yi masa. Turmi ne ya share masa hawaye. Shekara uku a jere yana hawa dandamali yana saukowa da kofi. Ni nake ɗinka masa gajeren wandon gasa, ni nake auna shi, damtsensa inci goma sha takwas. Matarsa kan ce mutum ɗaya ta aura amma abincin mutum huɗu take dafawa.

Bayansa an yi wani mai sayar da gwanjo da ya ci sau ɗaya, daga nan ya tafi gadin otal a wata ƙasa, labarinsa ya ɓace. An yi wasu tagwaye masu kyawun ƙira, aure ya ɗauke su. Shi ke nan kuma sai shiru, shekara goma sha bakwai. Kofi ya koma hannun sababbin gidajen motsa jiki na cikin gari, masu madubi da fanka. Turmi bai rufe kangon ba. Kullum da la'asar yana can yana yi wa samari tsawa, duk shekara kuma yakan je kallon gasa ya dawo ya yi kwana biyu ba ya amsa gaisuwa da kyau.

Wata rana injin iskarsa ya ƙone, ya kira mai gyaran wuta. Dogon saurayi ne siriri mai faɗin kafaɗa, Mai Wuta kowa ke ce masa. Yana kan tsani yana jan waya, Turmi yana ƙasa yana kallon bayansa kamar mai tayin bijimi. Kafin ya sauko an riga an gayyace shi kango.

A can ya riƙa haɗuwa da Auta, 'yar Turmi ta ƙarshe, malamar firamare, idan ta biyo karɓar mabuɗin gida. Ita ta ce tana so, ba wanda ya tura ta. Ranar da aka sa rana na ce, "Yaya, mutumin ka ba 'ya ko kafaɗar?" Ya yi dariya har da tari.

Mai Wuta yana da naci. Shekarar farko ya zo na huɗu a gasa. Ta biyu ma na huɗu. Kowa ya san waɗanda suka wuce shi allura suke yi wa kansu, irin wadda ke hura tsoka, amma ba mai bincike. A shekara ta uku ya kawo mini wata riga da na ɗinka masa wata biyar baya, ya ce ta matse. Na zagaya tef a damtsensa, na sake zagayawa. Ya ƙaru da inci biyu da rabi. Da ya tuɓe, bayansa duk ƙuraje. A satin kuma Auta ta faɗa mini a kaikaice cewa mijinta ya zama mai saurin fushi, har ya ɓalle ƙofar banɗaki saboda ta ƙi buɗuwa.

Na tsallaka titi. Na tarar da Yaya ya tsoma tiyub a baho yana neman inda ke fitar da iska.

"Yaya, kai shekara nawa ka yi kafin ka ƙara inci biyu?"

"Huɗu."

"Mijin Auta a wata biyar ya yi."

Bai ɗago ba. Ya juya tiyub ɗin a ruwa. "Jikin kowa daban."

"Yaya, ka san abin da nake nufi."

"Koma shagonka, ga mata can suna jiranka."

Na koma. Wannan komawar tana cikin abubuwan da ke damuna har yau, don ni ma ban je wa Auta da maganar ba. Sai daga baya na ji cewa tun kafin in yi magana Yaya ya ga kwalaben da sirinji a jakar kayan aikin surukinsa. Ya riƙe su a hannu, ya mayar, ya ja zif. Abin da ya ce masa kawai shi ne, "Bayan gasa ka daina."

Mai Wuta ya ci gasar. Samarin kango suka ɗauko shi a kafaɗa tun daga bakin titi, masu shaguna suka fito suna tafi. Turmi yana baya rungume da kofi, hawaye na bin gemunsa. Ban taɓa ganin ya yi kuka ba, ko ranar da muka binne mahaifiyarmu.

Mai Wuta bai daina ba. An ce akwai gasar ƙasa a gaba, wata shida ne kawai. Turmi ya sake cewa bayan wannan.

Ba su kai ga wannan ba. Ƙafafun Mai Wuta suka fara kumbura har takalmi ya daina shiga. Fuskarsa takan tashi da safe. Ran nan yana kan tsani a gidan wani, amai ya taso masa, ya sauko da ƙyar ya zube a tsakar gida. A asibiti aka ce ƙodojinsa biyu sun gaza. Likita, wata mace mai farin gilashi, ta tambaye shi me yake sha, me yake yi wa kansa. Ya faɗa, a gaban matarsa.

Muna zaune a benci a baranda, ni da Yaya, Auta ta fito. Ba ta zauna ba.

"Baba, ka sani?"

Na so ya yi ƙarya. Wallahi na so. Ya dubi tafin hannunsa ya ce, "Na sani."

"Tun yaushe?"

"Tun kafin gasa."

Ba ta ɗaga murya ba, ga mutane na wucewa da kwanonin abinci. "Kullum kana zuwa gidana kana cin abincina. Ina zuba maka ruwa kana wanke hannu. Na ce maka ya canja, ka ce gajiyar aiki ce." Ta gyara mayafinta. "Ni na ɗauka ni ce 'yarka."

Ta koma ciki. Yaya ya zauna a bencin nan har aka tashi masu ziyara.

Aka fara yi wa Mai Wuta wankin ƙoda, Talata da Juma'a, awa huɗu yana kwance jininsa na zagaya inji. Likita ta ce mafita ita ce a samu mai ba shi ƙoda ɗaya. Washegari Yaya bai buɗe rumfa ba. Ya yi wanka ya sa rigarsa mai kyau, ya ce in raka shi a gwada shi. Aka ɗebi jini, aka ɗauki hoton ƙirji, aka ce mu dawo bayan sati.

Da muka koma likita ta ce ba zai yiwu ba. Jininsa ya hau sosai, zuciyarsa kuma ta yi girma fiye da ƙima, idan aka kwantar da shi ba lalle ya tashi ba. Yaya ya miƙe ya fara ɓalle maɓallin riga.

"Likita, dubi jikin nan. Shekarata hamsin da takwas, har gobe ni nake ɗaga tayar tirela ni kaɗai."

"Baba, mayar da rigarka. Ba waje nake dubawa ba. Tayar tirelar ma daga yau ka bar ta, duk wani nauyi ka bar shi."

Ya mayar da rigar, maɓallan a karkace. A hanya ya ce kada in faɗa wa kowa abin da likita ta ce.

Da la'asar ya tara samarin kango ya faɗa musu komai, har da abin da shi ya gani ya yi shiru. Ya ce duk wanda ya sake kamawa da allura, da kansa zai je ya faɗa wa iyalinsa. Su goma sha ɗaya ne. Kafin wata ya ƙare saura huɗu, sauran sun koma inda ba a tambaya.

Gidan su Auta a hawa na biyu yake, matakala ashirin da biyu, masu tsayi. Mai Wuta idan ya dawo daga wanki ko tsayuwa ba ya iyawa. Tsokar nan duk ta zube, fatar ta saki. Yaya ne yake ɗauko shi daga asibiti, ya goya shi a baya ya hau da shi. Auta takan buɗe ƙofa ta ce, "Sannu, Baba," kamar mai gaida baƙo, ta shige kicin. Shi kuma ya kwantar da surukinsa, ya cire masa takalmi, ya sauko. Na ji Mai Wuta da kunnena yana ce mata, "Ni na soka wa kaina, ba Baba ba." Ta ce, "Kai ma ban gama da kai ba. Bari ka warke."

Wata Juma'a na bi su. A tsakiyar matakala Yaya ya tsaya, ya dafa bango, numfashinsa na fita da ƙara, leɓensa ya yi toka-toka. Na wuce su na hau na buga ƙofa, na faɗa wa Auta abin da likita ta ce game da zuciyarsa, abin da Yaya ya hana ni faɗa wa kowa. Ta sauko ba takalmi.

"Baba, sauke shi."

"Saura kaɗan."

"Na ce ka sauke shi. Ba zan yi jinyar mutum biyu ba. Baffa, kira mini maƙwabcin nan."

Ni da maƙwabci muka ƙarasa da shi. Da na leƙo, Yaya yana zaune a matakala, ita tana tsaye a kansa da kofin ruwa, tana jira ya shanye.

Bayan wata tara aka gwada wata yayar Mai Wuta, jininta ya dace, ta ba shi ƙoda. Ta zauna masa. Ya rayu, amma ya bar hawa tsani, yanzu a zaune yake gyaran fanka da dutsen guga, ga magani safe da yamma har iya rayuwarsa. Yaya ya bar facin manyan motoci, ya koma na babur. Wasu ranakun ƙafafunsa kan kumbura, sai ya ɗora su a kan tsohuwar taya yana aiki.

Auta har yanzu ba ta taka gidan mahaifinta ba, shekara biyu ke nan. Mahaifiyarta ta yi kuka, ni na yi magana har na gaji. Amma duk farkon wata takan biyo shagona bayan an tashi makaranta, ta ajiye ledar maganin hawan jini a kan teburin yanka.

"Baffa, ka miƙa masa. Ka tsaya ka ga ya sha."

"Ga shi can yana kallonki. Titi ne kawai."

"Na gan shi," in ji ta, ta ɗauki jakarta.