Ƙarfen Chinedu da Tsagen Katagum

Washegarin ƙaramar sallar shekarar 2005, hantsi bai gama ɗagawa ba, ni da abokina Chinedu muna zaune cikin tsofaffin tiyub ɗin mota da suka sha faci, ƙafafunmu na reto a cikin kogin Katagum, ruwa kuma yana tafiya da mu a hankali. A gabanmu Kawu Sale ne, ƙanen mahaifiyata, kwance rub da ciki a kan goransa, wani ƙaton duma mai ɗan baki a sama inda yake jefa abin da ya kama. Ya ɗaure tiyub ɗinmu da igiya a ƙugunsa, don haka inda ya nufa nan muke nufa. Damina ta wuce, ruwan ya janye ya yi garau, har kana hango yashi a ƙasa. Ni dai baki har kunne. Chinedu kuwa, wanda bai taɓa shiga ruwan da ya wuce kududdufin bayan unguwarmu ba, ya ƙanƙame sandarsa da hannu biyu, idonsa ƙur a kan wani ɗan ƙarfe mai ƙyalli da ke lilo a bakin zarensa.

A Azare aka haifi Chinedu. Mahaifinsa, Oga Sande, kayan babur yake sayarwa kusa da tasha. Aji ɗaya muke tun daga farkon firamare. Tare muke sharar filin makaranta, tare muke shan bulalar latti, tare muke gara taya da yamma har sai an aiko a kira mu. Ya ci tuwon gidanmu ya fi a ƙirga, ni ma na san hanyar tukunyar teba da miyar agushin mahaifiyarsa. Hausa kuwa, idan yana zuba ta daga bayan katanga, ba za ka ce ba jikan Malam ba ne. Abu ɗaya ne ya raba mu: ni baki gare ni, shi hannu gare shi. Duk gwangwanin da ya gani sai ya zama mota, duk wayar da aka yar sai ta zama keke. Mu yara muna ganin abin burgewa ne, amma Oga Sande gani yake ɓata lokaci ne. Ya sha faɗa masa a gabana, "Hannun nan naka ɓata kaya kawai ya iya."

Ni na jawo maganar tsage. Duk hutun da na dawo daga Katagum sai na cika shi da labari, rabi gaskiya rabi ƙari: kifi mai haƙora a waje, mai jar wutsiya, wanda ba ya kula tana, sai dai ya bi ƙananan kifaye ya sure. Chinedu ya yi ta juya maganar a ransa. Cikin azumi ya samo bayan wani fasasshen madubin babur a kwandon shara na shagonsu, ya yanko ɗan yanki kamar tsawon yatsa, ya yi ta goga shi a dandamalin siminti har ya fito da siffar ɗan kifi. Ya huda shi da ƙusa, ya lanƙwasa shi kaɗan don ya riƙa juyi cikin ruwa, ya maƙala ƙugiya a wutsiya. Da ya nuna wa mahaifinsa, mutumin ya tuntsire da dariya a gaban masu gyaran babur, ya tambaya ko kifin Katagum ƙarfe suke ci. Duk da haka ya yarda Chinedu ya biyo ni hutun sallah, saboda an riga an yanke cewa ƙarshen shekara za a tura shi Anacha wurin ƙanen babansa. Tafiya ɗaya ce ke gare shi, kuma ya rantse mini sai ya ajiye tsage a kan teburin shagon nan, wanda ya kama da ƙarfensa.

A gidan kakata Dada muka sauka. Ta dubi Chinedu sama da ƙasa ta ce ta sake ni, ta samu sabon miji mai ƙiba, sannan ta tura masa akushi. Da sassafe, bayan mun cika mata randa mun ba awaki ƙaiƙayi, muka shiga neman abin sa wa ƙugiya. Na haƙo tana a gindin ayabar da ruwan wanke-wanke ke kwarara, muka bi gonar dawa muna kama fara tun raɓa ba ta sake musu fiffike ba, Kawu kuma ya yanko ɗan sabulun wanki saboda tarwaɗa. Da Chinedu ya miƙa masa ƙarfen, ya juya shi gaba da baya, ya ɗaga shi a rana, ya mayar masa. Abin da ya ce kawai shi ne ba laifi. Na san Kawu. Idan ya ce ba laifi, to bai ga abin faɗa ba ne.

Tafiyar ranar nan tana cikin abubuwan da na fi jin daɗi a rayuwata. Muna wuce gonakin dawa da suka sunkuyo bakin gaɓa, mu wuce mata suna wanki suna yi mana tsiya, mu wuce shanun Fulani sun tsoma baki, makiyayin ya ɗago sanda ya gaishe da Kawu da Fulatanci. Kawu ba ya sa abu a ƙugiya sai ya dubi wurin. Yakan ce, "Kai kake so, ko kifin ke so? Dubi abin da gaɓa ke zubo masa." Inda dawa ta rufe ruwa sai ya ce mu sa fara, mu bar ta a sama. Inda ruwa ya kwanta ya yi duhu a gindin bishiya, sai tana, a sake zare ya nutse, a zuba wa guntun silifas ɗin da aka ɗaura a zaren, mai yawo a saman ruwa, ido. Da ya ɗan yi rawa sai in gyara riƙon sanda. Da ya nutse sai in fizga. Kafin rana ta take na jefa karfasa da dama cikin goran, har da wani kurungu da ya soke ni a yatsa yana gurnani.

Chinedu kuwa ko taɓi bai samu ba. Ya jefa, ya jawo, ya jefa, ya jawo, ƙarfen na walƙiya shi kaɗai. Na yi masa tsiya iya son raina. Na ce ko kifayen madubi suke dubawa su gyara kwalliyar sallah su wuce. Da farko yana ramawa, daga baya ya daina, sai tausayinsa ya kama ni. Da muka fita kan wani tudun yashi Kawu ya tafi yin azahar, muna cin ragowar cincin da furar da Dada ta ɗaura mana, na raɗa masa cewa ya ɗauki babbar karfasata ya ce da ƙarfen ya kama, wa zai sani? Ya dube ni ya ce shi zai sani. Na ce to ya sa tana mana, ko ba komai ya koma da wani abu. Ya girgiza kai ya ci gaba da goge ƙarfensa da gefen riga.

La'asar ta kusa, mun doshi inda za mu fita, sai kogin ya tsuke tsakanin gaɓa da wata bishiya da ambaliya ta kayar, ruwan ya ƙara gudu. Can ƙasa da ita ƙananan kifayen kawara suka watso sama kamar an watsa tsaba. Kawu ya kafa ƙafa a yashi ya tsayar da mu, ya juyo a hankali ya ce, "Chinedu, yanzu. Jefa bayan itacen, ka jawo da sauri, kada ka tsaya." Ya jefa. Bai jawo da nisa ba sandar ta lanƙwashe, tiyub ɗinsa ya juya da shi. Sai ga tsage ya yi tsalle sama gaba ɗayansa, tsawon damtsen babba, wutsiya ja, ƙarfen na ƙyalli a gefen bakinsa. Ya faɗa ruwa, ya sake tashi, sai zaren ya saki. Haƙoransa sun datse shi. Babu wanda ya tuna cewa mai neman tsage sai ya sa waya a gaban ƙugiya. Kawu ma ya ce laifinsa ne, don bai taɓa zaton abin zai kai ga haka ba. Chinedu ya jawo guntun zaren ya riƙe shi a hannu har muka isa gida.

Muka koma Azare ba tsage ba ƙarfe. Oga Sande ya saurari labarin yana murmushi irin na wanda ya san yara da ƙari, musamman da yake ni ne shaida, kuma kowa ya san bakina. Wannan ya fi rashin kifin ci wa Chinedu rai. Bayan 'yan kwanaki muna zaune a shagon, sai ga Kawu Sale da babbar rigarsa, mutumin da ba ya barin kogi sai da dalili mai ƙarfi. Ya gaisa da Oga Sande a tsanake, aka ba shi benci, ya sha ruwa. Sannan a gaban masu gyaran nan ya ce, "Oga, tun ina yaro nake cikin ruwan nan, ban taɓa ganin tsage ya bi abin da mutum ya ƙera da hannunsa ba sai na ɗanka. Na zo ne ya yi mini irinsa kafin ya tafi." Oga Sande ya dubi Kawu, ya dubi ɗansa. Can ya tashi ya shiga ciki, ya fito da sabon madubi fil a kwalinsa, ya ajiye a gaban Chinedu, ya ce ya yi wa baƙo mai kyau, kada ya ba shi kunya.

Yau idan na je Katagum, yashi ya cinye rabin inda muka bi, matasa kuma raga suke shimfiɗawa su tafi su dawo, ba mai kwanciya kan gora ya yini yana karantar gaɓa. Kawu ya tsufa, ruwa sai dai kallo. Chinedu yana can kudu da iyalinsa, mukan gaisa ta waya idan sallah ta zo, Hausarsa ta ɗan yi tsatsa amma tsiyarsa na nan. Na ci kifi iri-iri tun daga lokacin, na manta yawancinsu. Wanda ya tsere mana ne har yanzu nake gani.