Hannun da Ya Ceci Cokalin Baba Mai Hoto

Kullum da hantsi, kafin masu son hoton fasfo su fara leƙowa, Baba Mai Hoto yakan ja labulen shagonsa, ya zauna gaban wani tebur da ba wanda ya isa ya taɓa. A kai akwai cokali, buta, almakashi da takalmin yaro ƙafa ɗaya. Sai ya matsar da cokalin kaɗan, bai kai faɗin farce ba, ya ɗauki hoto. Ya sake matsarwa, ya sake ɗauka. Maƙwabta sun daɗe suna cewa ta nan tsufa ya ɓullo masa.

Ashe idan hotunan suka gudu a jere, tafiya cokalin yake yi. Almakashi ya zama tsuntsu, buta ta haɗiye takalmi ta yi atishawa, maɓallai suka zubo mata ta hanci. Duk ƙarshen mako yakan kai wannan abin dariya ɗakin yara na asibiti, ya haska musu a bango.

Masu jinya har yau suna ba da labarin wata yarinya da za a yi wa aiki, tsoro ya cika ta. Ta kafe ba za ta shiga ɗakin tiyata ba sai ta ga ko cokali ya tsira daga butar da ke bin sa. Baba ya yi mata alkawarin zai kawo mata ƙarshen labarin kafin ranar aikin.

Saura ƙiris ya gama, matarsa ta kawo masa abinci, ta tarar ba ya nan, tebur kuma kaca-kaca. Ta kwashe komai, ta wanke tas.

"Baiwar Allah, ina cokalina?"

"Na wanke, Malam. Kaya duk ƙura, sai ka ce ba ka da mata."

"Ai aikin ne kika wanke min!"

Ya yi tagumi. Mayar da kowane abu daidai inda yake ba zai yiwu ba, ga lokaci ya ƙure. Can ya dubi hannunta da kumfar sabulu, ya ce, "Miƙo hannun nan. Kada ki motsa sai na ce."

Ranar kallo, buta ta ritsa cokali a bakin tebur. Sai ga wani ƙaton hannu mai awarwaro ya sauko daga sama, ya rufe komai, ya cafke butar ya tsoma ta a kumfa. Ɗaki ya kaure da dariya. Yarinyar ta jawo rigarsa, ta ce, "Baba, a ɗakin can ma akwai hannun?"

"Akwai, 'yata, ba ma ɗaya ba."

Ta shiga, ta fito lafiya.

Baba, kai ne mai haƙurin da ya koya wa cokali tafiya don yaran wasu su manta da allura. Yanzu hannunka yana rawa, ka rufe shago, kuma hakan ya sosa mana rai. Mun gode, Allah ya ƙara maka lafiya. Mai waya da cokali a gida, ga hanya an buɗe masa, ɗakin yaran nan bai taɓa rasa masu jira ba.

Teburin dai ya koma gida. Duk wanda ya leƙa da hantsi zai ji Baba yana cewa, "Kaɗan fa, kaɗan!" matarsa tana matsar da cokalin tana amsawa, "Na sani, Malam. Ka manta ni ce hannun?"