Ranar da Sabo Ya Ƙi Ɗaura Lamba

Duk wanda ya sayi mota a filin Alhaji Datti, bakin babban titin Kubwa gab da kwanar Dei-Dei, a shekarun nan da farar hula suka dawo kuɗi ya fara yawo a Abuja, to ya san Sabo ko da bai riƙe sunansa ba. Shi ne gajeren dattijon nan mai ɗingishi da ke zama kan benci a gindin darbejiya, daga ciki kusa da get, da akwatin katako tsakanin ƙafafunsa. Sana'arsa ɗaya tak, ɗaura lambar mota. Kada ka yi dariya, da ita ya aurar da 'ya'ya mata biyu.

Ba da ita ya zo Abuja ba. Kafinta ne mutumin Gwarzo, ya zo tun zamanin soja yana ɗora rufi, har ranar da ya zamo daga saman wani bene a Gwarimpa ƙugunsa ya goce. Wata shida ya yi kwance a ɗakin haya a Jiwa, matarsa Rukayyat tana suyar awara a ƙofar gida tana riƙe da su. Alhaji Datti, ɗan garinsu, wanda a lokacin motoci biyar kacal gare shi a filin, shi ya ɗauke shi a motarsa ya kai shi wajen mai ɗori. Da ya fara takawa kuma ya ce masa, "Zo ka zauna a wajena, ba za ka rasa abin yi ba." Sabo ya ba da labarin nan har mutane suka gaji da ji.

Abin yi kuwa ya samu. Albashi ya ƙaru, motocin Kwatano suka riƙa shigowa ayari-ayari, ma'aikacin da jiya yake rataye a ƙofar bas yau yana kaɗa makulli a yatsa. Yawancin motocin daga Amurka aka kwaso su, kuma da yawa ba su da mazaunin lamba a gaba, bambar sumul take ba huda ko ɗaya. Masu ganin sun iya sai su ɗaure lambar da waya tana lilo, wasu su jingina ta a bayan gilashi, har sai masu duba motoci sun tare su a hanya sannan hankalinsu ya dawo. Sabo kuwa da zare yake aunawa daga fitila zuwa fitila, ya ɗiga alli a tsakiya, ya yanko robar taya ya sa a baya don kada lambar ta yi ƙara. Kuma da diril na hannu yake huda, irin na kafintocin da. An sha ce masa ya sayi na wuta, ya ce na wuta ba ya jin abin da yake ci.

Shi kam yana ji. Bamba mai lafiya idan ana huda ta, baƙar roba ce ke fitowa a murɗe kamar taliya. Wadda ta taɓa fashewa aka cike ta da fila aka bi da fenti, farin gari take zubarwa. Sabo ya ga farin garin nan ba sau goma ba ba sau ashirin ba, kuma bai taɓa cewa uffan ba. Yawanci ɗan bugu ne da ba ya hana mota tafiya. Banda haka, wa ke kushe sabuwar mota a gaban mai ita? Allah ya sanya alheri ake cewa, a karɓi alewa, a shafa bodi. Kuma a inuwar Alhaji Datti yake ci.

Haka aka yi ta tafiya har wata Laraba bayan azahar, da Hajiya Mashkura ta kawo tata. Ma'aikaciya ce a Sakatariya, amma a Kuje take zaune saboda hayar cikin gari ta fi ƙarfinta, kuma shekara tara ta yi tana bin bas kullum safiya da yara biyu. Wata uku ta shafe tana cigiyar dilan mota mai tsoron Allah. Duk wanda ta tambaya a ofis sai ya ambaci wani, ta bincika ta tarar ƙanin matarsa ne. A ƙarshe wata gwaggonta ta ce ta je wajen Alhaji Datti, ai har masallaci ya gina a cikin filinsa. Ta je ta zaɓi wata shuɗiya mai sheƙi, ta yi mata rajista, ranar kuma ta dawo da lamba a leda, jan harafin L na 'yan koyo manne a baya, yaranta biyu a kujerar baya suna ta tsalle. Dabino ta zo da shi ta bi kowa ta ba shi, har maigadi.

Sabo ya auna, ya ɗiga alli, ya kafa diril. Farin gari ya fara zuba. Ya ci gaba da murzawa yana jiran ya ƙare, bai ƙare ba, har ya taru a ƙasa kamar an kifar da cokalin fulawa. Ya zura hannun hagu ta bayan bambar don ya riƙe noti kamar kullum, sai ya ji wayam, ƙarfen da ya kamata ya tare bugu babu shi. Ya shimfiɗa kwali ya kwanta ya leƙa. Ƙarafan nan biyu da ke ɗauke da inji duk an yanke su an haɗa da walda, an shafe da baƙin fenti, radiyeta kuma da waya aka ɗaure ta. Ba sai bakanike ba, kafinta ma ya san ginin da ba shi da ginshiƙi. Motar nan ta taɓa yin mummunan haɗari, kuma in ta sake sumbatar ko da akuya ce a guje, gabanta zai naɗe ya shigo ciki. Hanyar Kuje kuwa ba akuya ke binta ba, tifofin yashi ne.

Ya daɗe a kwance fiye da yadda aikin ke buƙata. Tsoro ne ya kama shi, ba wani abu ba. Daga inda yake yana hango takalman Alhaji Datti, taku biyar kacal, yana amsa waya. Noti biyu ne, minti biyar, ya ɗaura ya ce Allah ya tsare, kowa ya kama gabansa. Shekararsa hamsin da huɗu, ƙafa ɗaya da rabi gare shi, kuma duk faɗin Abuja babu mai ba shi wata inuwar.

"Baba, lafiya dai?" in ji Hajiya Mashkura. "Akwai problem ne?"

Ƙaramar 'yarta ta leƙo ta taga tana tsotsar ƙwallon dabino, ta ce, "Mami, ya yi barci ne?"

Sabo ya fito ya miƙe da ƙyar. Ya ɗauki lambar ya mayar cikin ledarta, ya miƙa mata da hannu biyu.

"Hajiya, ba zan ɗaura ba."

"Me ya sa? Ba ta yi daidai ba ne?"

"Lamba lafiyarta lau. Ki kai motar wajen bakanikenki, ba na nan wajen ba, ya ɗaga ta ya dubi gabanta. Kafin nan don Allah kada ki hau babban titi da yaran nan."

Alhaji Datti ya kashe waya ya matso yana dariyar da ba ta kai ido ba. "Sabo, yaushe ka zama injiniya? Hajiya rabu da shi, ɗan ƙwarzane ne, duk motar da ta hau jirgin ruwa sai ta samu."

Sabo bai dube shi ba. Ya sunkuya ya ɗebo garin a tafin hannu ya nuna mata, sannan ya ce, "Alhaji, ka yi haƙuri."

Matar ta tattare mayafinta ta durƙusa ta leƙa da kanta. Ba ta san inji ba, amma ta ga waya. Da ta ɗago idonta ya kawo ruwa, don takaici da kunyar dabinon da ta riga ta raba. "Alhaji," ta ce, "ni fa saboda masallacin nan na zo wajenka." Akwai masu saye uku a filin, duk sun bar motocin da suke dubawa sun juyo. Alhaji Datti mutum ne da ya san kasuwa. Nan take ya karɓi makulli, ya ce ta shigo ofis a warware cinikin. Ko ya san halin motar, ko shi ma a Kwatano aka rufe shi, Allah kaɗai ya sani. Sabo dai bai taɓa yarda a ce a gabansa Alhaji ya sani ba.

Washegari da ya sauko daga bas ya tarar da bencinsa a wajen get, akwatin a kai. Zacharias maigadi, wanda suka shekara bakwai suna raba goro, ya tsaya yana sosa ƙeya. "Baba Sabo, Oga ya ce benci yana tare hanya. Wallahi ba ruwana, aiki ne aka ba ni." Shi ya taya shi ɗaukar bencin zuwa bakin titi.

Rukayyat ta yi faɗa kwana biyu, ta ce duk mutanen filin ba mai baki sai shi, sannan ta ciro kaskon awararta ta wanke. Wannan bai dame shi ba kamar abin da ya ji 'yan garinsu na faɗa a majalisa, wai Sabo butulu ne, mutum ya ɗauke shi daga kwance ya tona masa asiri a gaban baƙi. Kalmar ta ci masa rai ƙwarai, domin shi ma wani lokacin yana ganin kamar da gaskiyarsu. Sau biyu ya je gaishe da Alhaji, ana ce masa ya yi tafiya, alhali ga motarsa nan a inda take tsayawa. Hajiya Mashkura kuwa bai sake ganinta ba, kuma ba ta taɓa sanin abin da ya biyo baya ba.

Ya koma bakin kasuwar katako, ƙarƙashin wata tsohuwar lema da mai sayar da katin waya ya bari. Can sai akori-kura masu ɗaukar siminti, waɗanda ba ruwansu da zare da alli, su dai lamba ta tsaya. Wata rana ya yi biyu, wata rana ya wuni yana kallon ƙurar manyan motoci.

Wata goma yana nan, sai ga wata ƙaramar farar mota ta tsaya gabansa da hantsi. Alhaji Datti ne, shi kaɗai, yana tuƙi da kansa. Sabo ya miƙe har yana tuntuɓe da akwati. Suka gaisa sama-sama. Alhaji ya ciro lamba daga kujerar gaba ya ajiye kan bonet.

"Ta Nafeesa ce," ya ce yana kallon wani wajen. "Ta gama bautar ƙasa, ta samu aiki a cikin gari."

Sabo ya san Nafeesa, autar Alhaji, tun tana zuwa filin da kayan makaranta. Ya auna, ya ɗiga alli. Da ya kafa diril sai ya ga Alhaji ya tattare babbar rigarsa ya tsuguna a gefensa cikin ƙurar nan, mutumin da ko alƙalami ya faɗi sai an ɗauko masa. Baƙar roba ta fito a murɗe. Sabo ya zura hannu, ya kwanta ya leƙa, ya ƙwanƙwasa nan da can.

"Lafiyarta lau, Alhaji. Ba a taɓa ta ba."

Alhaji ya sauke numfashi ya ce alhamdulillahi. Sabo ya shiga ɗaure notin a hankali, a hankali ƙwarai, yana ba shi lokaci. Alhaji ya tambayi ƙafa, ya tambayi mai ɗaki. Ya sallame shi, ya buɗe ƙofa, ya ɗan tsaya riƙe da ita.

"To, Sabo. Allah ya ba da kasuwa."

Sabo ya tsaya har motar ta shige cikin 'yan'uwanta a titi. Alhaji bai ce masa ya dawo filin ba. Sai da ya zauna ya lura ashe tun Alhaji na tambayar ƙafa ya fara tattara kayansa cikin akwati, har ya rufe. Ya buɗe, ya sake fito da su ɗaya bayan ɗaya ya jera a kan kwalin.